Ranar da Aka Shafa wa Dogo Mai

A bayan Kpakungu, inda gidaje suka ƙare ciyawa ta fara, akwai wani fili da aka taɓa fasa dutse a cikinsa. Kamfanin ya daɗe da rufewa. Abin da ya bari shi ne rumfar kwano guda, da wani siririn layin dogo wanda mutum zai tsallake shi ba tare da ya ɗage riga ba, da ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi. A da shi ke jan dutse daga rami zuwa bakin hanya. Mutanen unguwa suna kiransa Gajere.

Shekara uku ke nan wasu mutane suna zuwa filin duk ranar Asabar. Ba wanda ya ɗauke su aiki. Baba Ndaceko, mutumin Bida da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa jirgi, shi ya fara zuwa da guduma da gwangwanin giris. Sai Malam Ɗayyabu ya biyo shi, tsohon fayaman, wato mai ba inji wuta, wanda kakansa ya zo Minna daga Katsina aikin shimfiɗa dogo. Daga baya makanikai da masu walda suka shigo, da matan da mazansu suka yi aikin reluwe. Suka kankare tsatsa, suka toshe inda tukunyar ruwan ke yoyo, suka canza katakon da gara ta cinye a ƙarƙashin dogo. Sau biyu sun kunna Gajere ya motsa a cikin rumfa, gaba kaɗan, baya kaɗan. Bai taɓa fita ba, domin sai a makon da ya wuce aka gama gyaran layin.

Filin da abin da ke cikinsa na Madam Margaret ne, 'yar mai kamfanin, wata tsohuwa da ke zaune a Jos. Cikin watan Agusta na 2006 ta aiko da wasiƙa. Ta ce masu sayen tsohon ƙarfe sun matsa mata, har ta yarda su zo da mota da injin yanka ranar Litinin. Ta ce ba ta son a yanka abin da ke da rai, amma an sha ba ta labarin da ba haka yake ba. Saboda haka ta sa sharaɗi: a ɗauko mata hotonsa a kaset yana jan tarago da mutane, da ƙarfin kansa, daga rumfa har gindin mangwaron da ke kan tudu. Kada a yanke hoton, kada kuma a tura shi. In ta gani kafin Litinin, ta bar musu shi.

Lailatu ce ta ce za ta ɗauka. Mai ɗaukar bidiyon biki ce a Ketaren Gwari, kuma marigayi mahaifinta ya yi aikin sayar da tikiti a tasha. Ranar Juma'a da yamma ta zo ta duba wurin. Ta zagaya Gajere, ta leƙa ta cikin kyamararta, ta ɗan yamutsa fuska.

"Ya yi duhu da yawa," in ji ta. "Kyamara ba ta son abu mai duhu. Duk abin da zai iya ƙyalli, a sa shi ya yi ƙyalli."

Baba Ndaceko yana kwance a ƙarƙashin inji yana ɗaure wani noti, bai ji ba. Wadda ta ji sosai ita ce Iya Kafayatu, shugabar matan, mai suyar gyaɗa a bakin titin Kpakungu, wadda mijinta ya rasu yana aikin gyaran layi. Ta gyaɗa kai ta ce, "Bar mini wannan, 'yar nan."

Da asubar Asabar aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ɗauke kafin rana ta fito. Suna idar da salla, tsofaffin biyu suka shiga rumfa suka hura wuta. Tukunyar Gajere ba a yi mata gaggawa. Sai ta yi awa huɗu tana ɗumama kafin tururi ya kai. Ɗayyabu yana jera itace, Ndaceko yana bin gaɓoɓin inji da butar mai.

"A hankali, Bakatsine. Ba tuwo kake dafawa ba."

"Kai dai Banufe, riƙe butarka. Shekara nawa ina dafa maka ruwa kana shan yabo?"

"Wanda ke zaune a gaba shi ake gani."

"Wanda ke zaune dai. Ka faɗi gaskiya yau."

Suna wannan a ciki, a waje Iya Kafayatu ta tara mata goma sha biyu da makanikai huɗu. An wanke tarago, an goge tagulla da toka da lemun tsami har tana ɗaukar ido. Sai Iya ta dubi layin dogo, ja wur da tsatsa, ya miƙe har tudu. Abin bai yi mata ba. Makanikan suka ce ai baƙin mai yana nan a gareji jarka-jarka. Aka kawo, aka yayyaga tsumma, aka durƙusa. Suka bi ƙarafan nan biyu tun daga ɗan nesa da ƙofar rumfa har gindin mangwaro, suna shafawa suna waƙa. Da rana ta fito, layin ya yi baƙi siɗik yana walƙiya. Lailatu ta iso ta gani, ta ce, "Iya, kin gama da ni. Haka nake so."

Ƙarfe goma da rabi allurar agogon tururi ta kai inda Ndaceko ke so. Mutum ashirin suka shiga tarago, maza da hulunan Juma'a, mata da ɗaurin biki. Lailatu ta sa sabon kaset, ta ɗaga hannu. Ndaceko ya yi bisimilla, ya ja igiyar usur, ya saki birki, ya buɗe tururi.

Gajere ya yi numfashi ɗaya, biyu, ya fito cikin rana. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya yi taku kamar talatin lafiya lau, ya ɗan ƙara da saurin da ya ɗauko. Da layin ya fara hawa, sai sautinsa ya canza. Ƙafafun suka shiga juyawa da gudu kamar fanka, hayaƙi da tartsatsi suka tashi sama, amma jirgin yana nan inda yake. Har ma ya fara zamewa baya.

Ndaceko ya rufe tururi, ya ɗaure birki. Ya sake gwadawa a hankali. Haka dai. Ya sauko da kyar, domin gwiwa ba ta kamar da, ya sunkuya ya goga yatsa a kan dogo. Ya duba yatsan, ya sunsuna. Sannan ya ɗaga kai ya bi layin da kallo har tudu.

"Wa ya yi wannan?"

Bai ɗaga murya ba, amma guɗa ta tsaya cak. Iya Kafayatu ta sauko daga tarago tana gyara mayafi.

"Ni ce, Baba. Ni da mutanena. Bai yi kyau ba ne?"

"Har sama?"

"Har gindin mangwaro. Ba mu bar ko kamu ɗaya ba."

Ɗayyabu ya leƙo daga kan inji, ya riƙe baki. "Iya, matar mai gyaran layi guda! Shekara nawa kika yi da marigayi?"

"Ashirin da shida. Shi ke zuwa layi, ni ina gida. Ka taɓa ganin ya tafi da ni?"

"Laifina ne, Baba," in ji Lailatu. Ta riga ta kashe kyamara. "Ni na ce a sa komai ya yi ƙyalli."

Ndaceko ya goge yatsansa a jikin wando. Ya ga idon Iya ya kawo ruwa, hannayenta kuma har yanzu baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ya sassauta.

"Ku saurara, ba faɗa ba ne. Ƙarfe ne ke tafiya a kan ƙarfe. Abin da ke riƙe su ɗan kaushi ne kawai, wannan tsatsar da kuka raina. Ko'ina a jikin jirgi yana son mai, ban da nan."

Kowa ya san lissafin lokacin. Motar Jos ta ƙarshe tana tashi ƙarfe biyu, kuma direban da zai kai kaset ya ce ba zai jira ba. Itacen da ya rage ba zai wuce awa ɗaya da rabi ba. Lailatu ta duba kyamara ta ce batirinta na da minti goma sha takwas, ɗayan kuma bai cika ba don ba a kawo wuta jiya ba.

Wani makanike mai suna Nma ya matso ya rage murya. "Baba, mu takwas ne masu ƙarfi a nan. Mu sa kafaɗa a bayan tarago. Anti Lailatu ta tsaya ta gaba, ba wanda zai gan mu."

Wasu suka ce haka ne. Ɗayyabu ya dubi abokinsa.

"Za ki iya ɓoye su?" Ndaceko ya tambayi Lailatu.

"Zan iya. A biki na sha ɓoye abin da ya fi haka."

"To, ba za a yi ba. Matar nan ta ce an sha yi mata ƙarya. Shekara uku ina gaya wa mutane injin nan zai hau tudun can. In bai hau ba, su zo su yanka, ni zan riƙe musu fitila."

Ya juya ga makanikan ya ce su kwaso duk tsumman da ya rage da buhunan garin katako daga wurin kafinta, a goge man iya yadda za a iya. Amma ya ce gogewa kaɗai ba za ta isa ba, sai da yashi. Ya nuna musu wani akwati a saman tukunya mai siraran bututu biyu da suka sauko gaban ƙafafun. Aikinsa ke nan, ya riƙa tsiyayar da yashi a kan dogo in ana santsi.

"Yashi ai ga shi nan ko'ina," in ji Nma.

"Jiƙaƙƙe. Ka zuba wannan a akwati, ya dunƙule ya toshe bututu. Ka watsa shi kan mai, ya zama kunu. Busasshe nake so, mai laushi, wanda aka tankaɗe, ba tsakuwa ko ɗaya. A reluwe ɗaki guda ake ware masa da murhu. A ina za mu samu a Minna, cikin Agusta, bayan ruwan asuba?"

Iya Kafayatu ta daina share ido.

"Busasshe, mai laushi, tankaɗaɗɗe?"

"Haka na ce."

"Baba, da me kake tsammani nake soya gyaɗa?"

Ndaceko ya juyo ya dube ta, ita kuwa ta ci gaba.

"Yashin kogi ne, ni da kaina nake tankaɗe shi da rariya sau biyu. Kullum yana kan wuta. Ina da kwano uku a ɗaki. Safiyatu tana da shi, Hannah tana da shi, duk layinmu masu gyaɗa ne. Nawa kake so?"

"Duk wanda ke Kpakungu."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta tare ɗan acaba a bakin fili, mata uku suka bi bayanta a guje. Ɗayyabu ya mayar da Gajere baya zuwa ƙofar rumfa, ya rage wuta don itace ya kai. Maza suka cire hulunan Juma'a suka ajiye a tarago, suka durƙusa kan layin da garin katako.

Kafin sha biyu da rabi matan suka dawo, kuma ba su kaɗai ba. Masu gyaɗa takwas suka biyo su, kowace da kwano a ka, wata ma kaskonta ta sauke daga wuta ta naɗe da tsumma ta taho da shi. Ndaceko ya ɗebi yashin a tafin hannu ya sake shi. Ya zuba kamar ruwa, da ɗuminsa, da ƙanshin gyaɗa.

"Ko a reluwe ban taɓa samun irin wannan ba," in ji shi.

"To ka faɗa da ƙarfi Bakatsine ya ji," in ji Iya.

Aka cika akwati. Ndaceko ya ce ba zai kai sama ba, ƙarami ne. Sai ya raba matan gida biyu, ya jera su a gefen layin daga inda hawan ya fara, kowace da nata yanki. Ya nuna musu yadda za su barbaɗa: siriri, a kan ƙarfen kawai, kamar ana sa gishiri a miya, kuma kada wadda ta sa ƙafa tsakanin ƙarafan.

Lailatu ta dube su ta ce, "Baba, duk za su fito a hoton."

"Su fito. An hana turawa, ba a hana yashi ba."

Ta yi tunani kaɗan, ta canza wurin tsayuwarta. Ta koma can gefe cikin ciyawa, inda kyamara za ta kama jirgin gaba ɗaya, daga hancinsa har bayan tarago, don a ga ba kowa a baya. Ta cire takalmanta, ta ɗaure siket, domin sai ta bi shi da ƙafa cikin laka ba tare da hannunta ya girgiza ba.

Ƙarfe ɗaya saura minti goma Ɗayyabu ya jefa itace na kusa da ƙarshe, ya ce, "Direba, abin da ke nan ke nan. In ka ɓarar, sai dai mu ƙona hularka."

Usur ya yi ƙara. Gajere ya fito karo na biyu. Wannan karon ba wadda ta yi guɗa. Ya iso inda ya tsaya ɗazu, Ndaceko ya ja sandar yashi, aka ji wani ƙurus-ƙurus a ƙarƙashi kamar ana niƙa. Jirgin ya ɗan yi jim, ya kama, ya wuce. Numfashinsa ya yi nauyi, ɗaya bayan ɗaya, a tsare. Matan suna barbaɗawa suna ja da baya, wadda ya wuce ta sai ta ruga gaba ta sake shiga layi. Lailatu tana biye, laka har idon sawu, idonta ɗaya a rufe.

Saura kamar taku arba'in a kai mangwaro, inda tudun ya fi tsayi, akwatin ya ƙare. A nan ne kuma aka fi zuba mai da safe, don nan ne za a tsaya a ɗauki hoto. Ƙafafun suka kufce suka yi juyi ɗaya na banza. Mutanen tarago suka yi salati.

"Ƙara masa!" Nma ya yi ihu. "Baba, ƙara wuta!"

Ndaceko bai ƙara ba. Ya rage tururin har sai da jirgin ya kusa tsayawa, ya bar ƙafafun suka natsu a kan ƙarfe. Iya Kafayatu ta karɓe kwanon ƙarshe daga hannun Hannah, ta matso dab da inji, tururi yana dukan zanenta, ta riƙa zuba yashin da hannu a gaban ƙafar farko. Safiyatu ta yi haka a ɗaya gefen. Sannan tsohon ya buɗe tururi kaɗan-kaɗan, da tafin hannu yake bubbuga sandar, kamar mai tashin wanda yake jin nauyinsa daga barci.

Gajere ya yi numfashi ɗaya. Aka jira. Ya yi na biyu. Ƙafar ta juya, jirgin kuma ya bi ta. Na uku ya zo da wuri, na huɗu ya fi shi, inuwar mangwaro ta hau kan bututun hayaƙi, ta hau kan direba da fayaman, ta rufe tarago. Ndaceko ya ɗaure birki, ya kama igiyar usur ya riƙe, bai sake ba sai da tururin ya fara shaƙewa.

Abin da ya biyo baya ba a iya jin maganar kowa. Masu gyaɗa suna kaɗa kwanoninsu, maza suna kabbara, Hannah tana waƙar coci da iyakar muryarta. Lailatu ta ci gaba da ɗauka, ta zagaya bayan tarago ta nuna babu kowa, ta dawo ta tsaya a kan fuskar Ndaceko. Jar fitilar batir tana ƙiftawa.

"Baba, faɗi wani abu. Da sauri."

Ya dubi kyamara, ya gyara tsayuwa kamar yana gaban babban jami'i. "Madam, yau Asabar, ƙarfe ɗaya da minti huɗu. Mun iso."

Kyamara ta mutu da kanta. Lailatu ta zare kaset, ta rubuta suna a jiki, ta hau bayan babur ɗin Nma ba takalmi. Sun sami motar Jos ana ɗaure kaya.

Ranar Lahadi bayan la'asar suka taru a rumfa, ba wanda ya kira wani. Wayar Lailatu tana kan benci a tsakiya. An yi hira ta ƙare, an sake wata ta ƙare. Wajen ƙarfe biyar ta yi ƙara. Lailatu ta ɗauka, ta gaisa, ta miƙa wa Ndaceko da hannu biyu.

"Kai ne direban?" in ji muryar tsohuwa.

"Ni ne, Madam."

"Sau uku na kalla. Na kira maƙwabta ma sun kalla. Na aika wa masu ƙarfen kada su wahalar da motarsu. Takarda tana zuwa da sunan ƙungiyarku. Ku riƙe shi da kyau."

"In sha Allahu. Mun gode, Allah ya saka."

Ya mayar da wayar. Ba sai ya faɗa ba, sun gani a fuskarsa, amma Ɗayyabu ya ce sai ya faɗa da bakinsa, don shi bai yarda da fuskar Banufe ba.

"Namu ne," in ji Ndaceko.

Ya bar su suna murna, ya taka a hankali ya hau kan injin, ya zauna a kujerar direba. Tukunyar ta huce tun jiya. Ya daɗe a zaune, hannunsa a kan gwiwa. Da hayaniyar ta lafa, ya leƙo ta taga.

"Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai. Za mu kwashe toka mu wanke tukunya. Kowa ya zo da kayan da ba ya jin tausayinsu."